Abin da Ya Tsallako Tare da Ni

Daren da na bar Sharja ban ɗauki komai ba
sai jaka ɗaya, da tukunyar shinkafa mai lantarki,
da hoton Lissy a bakin rijiyarmu ta Kottayam.
Makulli na tura shi ƙarƙashin ƙofa.
Dirhami dubu arba'in da ɗaya kuwa,
na bar su kwance a littafin banki
suna haihuwa cikin duhu.

A kan iyaka jami'i ya juya fasfona sau biyu,
ya dubi kwamfuta, ya dube ni, ya yi hamma.
Hatimi ya sauka, tim.
Na ce na tsallake rijiya da baya.

Ba caca na yi ba, in wani zai tambaya.
Ambaliya ce ta cinye katangar gidanmu,
sai ƙodar mahaifina, sai kuɗin makarantar jinya na Anumol.
Sai kamfani ya wayi gari da kwado a ƙofa,
albashina na wata biyar a cikinsa.
Wannan bashin, nasu,
ban ji an ce ya bi kowa ko'ina ba.

Yanzu Sohar. Ina ɗaga kwantena daga cikin jirgi
ina ajiyewa a ƙasa a hankali, kamar ƙwai.
Da dare mu shida a ɗaki, kowa alƙali.
Rodel mai walda ya ce bashi ba shi da biza,
ƙasa daban, kotu daban, ci abincinka.
Anwarul ya ce wa ya gaya maka,
surukinsa a filin jirgi aka tare shi,
shi da ya sauka canjin jirgi kawai.
Tsohon da ke gadon sama ya ce banki kan sayar da bashi
kamar tsohuwar mota,
mai saye kuma ba ya gajiya da buga waya.
Kowa da lauyan da ya ji a bakin wani.
Bashi hanji ne, shi ya sa duk muke magana
hannu dafe da ciki.

Wata bakwai ba wanda ya zo.
Na sauya lamba. Na yi ƙiba kaɗan.
Har na daina waiwaye in farar mota ta rage gudu.

Ranar wata Juma'a, ina wanke riga a bokiti,
saƙon murya ya shigo ta wayar Lissy, ita ta turo.
Thankachan ne,
wanda ya sa hannu a ƙasan nawa
da biro ɗin aro, yana dariya,
yana cewa ai takarda ce kawai.

"Shibu, sun zo wurin aikina.
Ban faɗi inda kake ba.
An ce kada in yi tafiya tukuna,
bikin Jincy kuma saura sati uku.
Ba komai. Za a nuna mini ta waya.
Kana cin abinci?"

Sau tara na saurara.
Ruwan bokitin ya huce, kumfa ta mutu.

Ashe tambayar da muke ta yi a ɗaki
ba ita ce tambayar ba.
Bashin bai nemi hanyar Sohar ba.
Da ya duba bai gan ni ba
sai ya zauna a kan wanda ya tsaya.

Gobe albashi.
A shagon canji akwai layi mai tsawo, masu aikawa gida,
a nan na saba tsayawa.
Taga ta biyu ba kowa.
Na rubuta lambar asusun a tafin hannuna
don kada in ce na manta,
kuma tun ɗazu nake tunanin
yadda zan gaya wa Lissy
katangar ta ƙara jira damina ɗaya.